A Yi Wa Likita Ƙa'ida Kan Mofin, Amma Kada a Manta da Mai Ciwo

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani ɓangare na matsalar shaye-shaye da ba a cika taɓowa ba, wato alƙalamin likita da takardar maganin da yake rubutawa. Duk lokacin da aka tayar da batun ƙwaya a Kaduna, hankali yakan tafi kan matashin da aka kama da tiramol a aljihu, ko kwantenar da jami'an NDLEA suka tare a tashar jiragen ruwa ta Legas, ko kemis ɗin bayan layi da ke sayarwa da daddare. Duk waɗannan gaskiya ne. Sai dai akwai ƙofar da waɗannan magunguna suke fita ta cikinta bisa halal, ita ce ƙofar asibiti, kuma ni da na yi aikina a ɗakin bayar da magani har na yi ritaya, na ga mutanen da aka cutar saboda an ba su fiye da kima, na kuma ga waɗanda suka fi su yawa nesa ba kusa ba, waɗanda aka cutar saboda an hana su gaba ɗaya.

Magungunan da nake nufi su ne masu kashe raɗaɗi mai tsanani, dangin ofiyom, irin su mofin da fetidin da fentanil da kodin da fentazosin da tiramadol. Suna aiki ne a ƙwaƙwalwa da laka, inda suke rage ƙarfin saƙon zafi kafin mutum ya ji shi. Haɗarinsu a fili yake: jiki yana sabawa da su har ya riƙa neman ƙari, idan kuma suka yi yawa sukan danne numfashi har mutum ya cika a cikin barci, musamman idan an haɗa su da maganin barci irin diyazefam ko da giya. Duk da haka babu asibitin da zai iya yin tiyata, ko ya kula da wanda ya ƙone, ko wanda ya yi mummunar karaya a hanyar Abuja, ko mai sankarar da ta kai ƙashi, ba tare da su ba. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya mofin a jerin magungunan da bai kamata a rasa su ba, kuma tun 1986 ta fitar da tsarin matakai uku na kula da raɗaɗin sankara, daga farasitamol zuwa kodin da makamantansa, daga nan zuwa mofin.

Amurka tana cikin ƙasashen da suka fi rubuta dokoki a kan yadda likita zai bayar da waɗannan magunguna, kuma wuya ce ta kai ta ga haka. A 1996 kamfanin Purdue Pharma ya fito da ƙwayar OxyContin, ya tallata ta ga likitoci da cewa haɗarin kamuwa da jarabarta kaɗan ne, abin da a 2007 aka amsa laifinsa a gaban kotu, aka biya tarar sama da dala miliyan 600. Kafin a farga, rubuta irin waɗannan magunguna ya zama ruwan dare, har a 2012 aka cika takardu sama da miliyan 255 a shekara guda. Mutum zai je cire haƙori a sallame shi da ƙwayoyin wata guda, ya sha na kwana biyu, ragowar su zauna a gida har yaro ko baƙo ya same su. Wani kuma zai zagaya likitoci huɗu ko biyar da ciwon baya guda, kowanne ya rubuta masa ba tare da sanin abin da ɗan'uwansa ya rubuta ba.

A can gwamnatin tarayya ce take yi wa likita rajistar rubuta magungunan da ke ƙarƙashin kulawa, amma lasisin aikin likita jiha ce take bayar da shi, ita ce kuma take iya ƙwace shi. Saboda haka jihohi ne suka tashi tsaye, kowacce da irin tata dokar. Abu na farko da suka yi shi ne rumbun bayanai na kwamfuta, inda duk shagon magani da ya bayar da irin wannan magani zai shigar da sunan majinyaci da na likita da adadin abin da aka bayar da ranar da aka bayar. Jihar Kentaki ta yi doka a 2012 da ta wajabta wa likita ya duba wannan rumbu kafin ya rubuta, jihar Niyok ta fara aiwatar da irin wannan a watan Agusta na 2013, sannan daga Maris na 2016 ta wajabta aika takardar magani ta kwamfuta kai tsaye zuwa shagon magani, domin a toshe kafar satar takarda da kwaikwayon sa hannu. Jihar Misuri ce ta zo a ƙarshe, sai a 2021 ta yi dokar kafa rumbun da ya game jihar baki ɗaya.

Daga nan sai aka koma kan yawan kwanaki. A Maris na 2016 jihar Masacuset ta zama ta farko da ta iyakance takardar farko ga baligi zuwa maganin kwana bakwai, ta kuma ce duk takardar da za a rubuta wa yaro kada ta wuce haka. Niyu Jasi ta rage zuwa kwana biyar a 2017, Fulorida ta kai shi kwana uku a 2018, tare da damar kaiwa bakwai idan likita ya rubuta hujjarsa a fayil. Wannan iyaka tana da tushe mai kyau, domin wani bincike da cibiyar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, ta wallafa a 2017 ya nuna cewa cikin waɗanda aka fara ba su maganin, kimanin kashi 6 cikin ɗari suna kan shansa bayan shekara guda, amma adadin ya kai kashi 13.5 ga waɗanda shan farkonsu ya kai kwana takwas ko fiye, ya kusa kashi 30 ga waɗanda suka wuce wata guda. Wasu jihohin sun duba ƙarfin maganin ne maimakon kwanaki: Washinton ta ce idan abin da majinyaci yake sha a rana ya kai kwatankwacin miligiram 120 na mofin, to likita ya tuntuɓi ƙwararre a fannin raɗaɗi. Kalifoniya kuwa daga 2019 ta wajabta wa likita ya yi wa majinyacin da ke cikin haɗari tayin nalokson, maganin da ke farfaɗo da wanda numfashinsa ya danne. Jihohi da dama sun ƙara da sharaɗin cewa likita ya yi wa majinyaci bayanin haɗarin maganin ya kuma rubuta cewa ya yi, sannan ya halarci horo a kan lamarin kafin a sabunta masa lasisi. Daga Yuni na 2023 ita ma tarayya ta sa sharaɗin horon awa takwas.

Waɗannan dokoki, tare da wasu matakai, sun rage rubuta maganin ƙwarai, domin zuwa 2020 takardun da aka cika sun sauko zuwa kimanin miliyan 143. Amma mace-mace ba su sauko tare da su ba. A 2021 fiye da mutum 100,000 ne suka mutu a Amurka sakamakon shan ƙwaya fiye da kima, mafi yawansu ta hanyar fentanil na bayan fage wanda bai taɓa bi ta hannun likita ba. Wani abin da ya fi damuna shi ne abin da ya sami marasa lafiya na gaskiya. A 2016 CDC ta fitar da jagora ga likitoci, ta ba da shawarar a guji kaiwa kwatankwacin miligiram 90 na mofin a rana sai da ƙwaƙƙwarar hujja. Shawara ce, amma jihohi da kamfanonin inshora da shagunan magani suka mayar da ita doka mai tsauri, likitoci suka tsorata, aka riƙa yanke wa mutanen da suka yi shekaru a kan magani rabonsu cikin dare ɗaya. A Afrilun 2019 hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ta fito ta yi gargaɗi cewa yankewar farat ɗaya tana jawo azabar janyewar magani da dawowar raɗaɗi, har da kashe kai. A 2022 CDC ta sake rubuta jagorar, ta ce kada a ɗauke ta a matsayin ma'aunin da ba ya lanƙwasa, ta kuma bayyana ƙarara cewa ba ta shafi masu sankara da masu sikila da waɗanda ake jinyarsu a ƙarshen rayuwa ba. Sun gyara, amma bayan an sha wahalar da da an guje mata.

Na kawo wannan tarihi da ɗan tsawo ne domin na lura cewa duk lokacin da maganar ƙwaya ta yi zafi a wurinmu, abin da ake fara kira a yi shi ne a hana, a rufe, a ƙara tsanani, kuma ina tsoron ranar da wani zai ɗauko dokar kwana uku ta Fulorida ya ajiye mana ita yadda take. Halin da muke ciki ya sha bamban da nasu. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 ne suka yi amfani da ƙwaya a Najeriya cikin shekara guda, miliyan 4.6 daga ciki sun sha dangin tiramadol ba bisa umarnin likita ba, miliyan 2.4 kuma sun sha maganin tari mai kodin. Amma tiramadol ɗin da ke yawo a tashoshin mota da wuraren haƙar ma'adinai mai miligiram 200 ne ko 225 ko 250, alhali NAFDAC ba ta amince da abin da ya wuce 50 da 100 ba. Wannan kaya bai taɓa ganin takardar likita ba, ta ɓarauniyar hanya yake shigowa. A watan Mayun 2018 Ministan Lafiya na lokacin, Farfesa Isaac Adewole, ya hana shigowa da haɗa maganin tari mai kodin bayan binciken da BBC ta yi, a farkon 2025 kuma wani binciken na BBC ya bankaɗo ƙwayoyin da ake haɗawa da tafentadol da karisofurodol a Indiya ana turo su Yammacin Afirka, har gwamnatin Indiya ta hana haɗin. Wannan yaƙi na kwastam ne da NDLEA da NAFDAC da hukumar kula da harkar harhaɗa magunguna. Idan aka ɗaure hannun likita da sunan yaƙar wannan, dillalin tasha ba zai ji komai a jikinsa ba.

A cikin asibiti kuwa matsalarmu ta fi karkata ga rashi. Kwamitin masana da mujallar Lancet ta kafa ya bayar da rahoto a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafi talauci ba sa samun ko kashi ɗaya cikin ɗari na mofin da ake rarrabawa a duniya, kuma muna cikin wannan rabi. Duk wanda ya yi aiki a asibitinmu ya san kabad ɗin DDA, wato ma'ajiyar magunguna masu haɗari irin mofin, ƙaramin akwatin ƙarfe da ke manne da bango a cikin wani kabad ɗin, mai makulli biyu, wanda mabuɗinsa yake rataye a jikin babbar nas mai kula da ɗaki. Kusa da shi akwai babban littafin rajista, inda ake rubuta sunan majinyaci da lambar katinsa da sunan likita da adadin da aka cire da abin da ya rage, mutum biyu su sa hannu, a kuma mayar da kwalbar allurar da aka fasa a matsayin shaida kafin a karɓo wata. Tsari ne mai kyau da muka gada daga dokar magunguna masu haɗari ta 1935, kuma ba ni da ja a kansa. Abin baƙin ciki shi ne sau da yawa za a buɗe makullan nan biyu a tarar babu komai a ciki, ko a tarar da abin da kwanansa ya ƙare saboda likitoci suna tsoron rubutawa. Na ga dattijuwa mai sankarar mama da ciwon ya ci har ƙashin baya, tana cizon gefen mayafinta don kada 'ya'yanta su ji kukanta, abin da ke cikin takardarta kuwa farasitamol ne da dikilofenak. Ruwan mofin na sha, wanda ake haɗawa daga gari a ɗakin magani, kuma yana cikin magunguna mafi arha, da ya ba ta damar yin barci da sallah a zaune da yin sallama da iyalinta cikin hayyacinta.

Amma ba zan ce hannun asibiti a wanke yake ba, kuma a nan ne nake ganin ƙa'ida ta zama dole. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila, ana ƙiyasta haihuwar jarirai kimanin 150,000 da cutar a kowace shekara, kuma babu unguwar da za ka shiga a Kaduna ko Zariya ko Kafanchan ba ka sami gidan da ke fama da ita ba. Idan ciwon ya tashi, raɗaɗinsa yana cikin mafi tsanani da ɗan Adam yake ji. Da yake mofin ba ya samuwa, abin da aka saba yi shi ne allurar fentazosin, wadda ake samu cikin sauƙi. Za a yi wa yaro ita yau a wannan asibiti, jibi a wancan, babu fayil guda da ke tattara tarihinsa, babu likita guda da ya san sau nawa aka yi masa a wata. A hankali sai a rubuta masa ya saya a waje, daga nan ya gane cewa ko ba takarda za a sayar masa, daga nan ya koyi yi wa kansa. Na ga saurayi da bai kai shekara ashirin da biyar ba, cinyoyinsa da damatsansa sun ƙandare sun yi tauri, ga gyambo da ba ya warkewa, gwiwarsa ba ta lanƙwasuwa, duk saboda wannan allura. Ba a tasha ya fara ba, a gadon asibiti ya fara, da takardar da aka sa wa hannu. Daga baya kuma idan ya zo da ciwo na gaskiya sai a ce ɗan ƙwaya ne, a bar shi a kan benci. An cutar da shi sau biyu, kuma babu wata rubutacciyar ƙa'ida da za a ɗauko a tambayi kowa a kanta.

Mai karatu da ya san doka zai ce jiha ba ta da hurumi a nan, kuma yana da hujja, domin kundin tsarin mulki na 1999 ya sanya magunguna da guba a jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai take yi wa doka, lasisin likita kuma yana hannun hukumar likitoci ta ƙasa. Majalisar Dokokin Jihar Kaduna ba za ta iya yin abin da ta Masacuset ta yi ba kai tsaye. Amma jiha ce mai manyan asibitocinta da cibiyoyin lafiya na mazaɓu 255, ita ce take ɗaukar ma'aikatansu, ita ce take yi wa asibitoci masu zaman kansu rajista tana sabunta musu, tana kuma da hukumar da ke sayo magunguna tana rarraba su, da hukumar da ta kafa domin rigakafin shaye-shaye da kula da waɗanda suka kamu. Duk wanda yake riƙe da waɗannan yana da ikon gindaya sharuɗɗan aiki a cikin asibitocin da ke ƙarƙashinsa ba tare da ya taka dokar tarayya ba. Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ma ta fitar da manufar ƙasa kan magungunan da ke ƙarƙashin kulawa a 2017, wadda ta ginu a kan samar da su ga mai buƙata tare da hana karkatar da su, saboda haka jiha aiwatarwa kawai za ta yi.

Abin da ya fi cancanta mu ɗauka daga jihohin Amurka shi ne rubuta bayani da duba shi kafin a ƙara. Ba sai mun jira rumbun kwamfuta da ya haɗa ƙananan hukumomi 23 ba, ko da yake shi ne inda ya kamata a dosa, kuma ana iya farawa da manyan asibitocin cikin garin Kaduna da Zariya. Kafin nan, kati na musamman ya isa: duk majinyacin da za a ci gaba da ba shi irin wannan magani fiye da karo ɗaya, a ba shi katin da zai riƙa yawo da shi, wanda ke ɗauke da cutarsa da maganin da ke yi masa aiki da adadinsa da sunan asibitin da ke kula da shi, kuma kada a ƙara masa sai an duba an rubuta. Ga mai sikila wannan kati kariya ce ta fuska biyu, domin zai hana a yi ta danna masa allura ba lissafi, zai kuma hana a tsaya ana tuhumarsa da tsakar dare alhali yana murƙususu. Ita ma takardar maganin a tsaya a kan abin da aka koya wa kowa a makaranta aka kuma yi sakaci da shi: cikakken sunan likita da lambar rajistarsa, adadi da lamba da kuma haruffa don kada a mayar da 10 ta zama 100, kwanan wata, sannan ɗakin magani ya riƙe takardar bayan ya bayar, kada a mayar wa mai ita ya je ya sake saye da ita.

Iyakar kwanaki ma tana da wurinta, amma ga ciwo mai wucewa kaɗai. Wanda aka cire wa haƙori, ko aka yi wa ƙaramar tiyata, ko matar da aka yi wa aiki wajen haihuwa, a sallame su da maganin kwana uku zuwa bakwai, idan zafin bai lafa ba su dawo a duba dalili, domin zafin da ya ƙi lafawa bayan mako guda sau da yawa alama ce ta wata matsala da ƙarin ƙwaya zai ɓoye. Amma a rubuta a cikin ƙa'idar, da kalmomin da ba sa buƙatar fassara, cewa wannan iyaka ba ta hau kan mai sankara da mai sikila da mai jinyar ƙarshen rayuwa ba. Ka ɗauki mutumin da yake zaune a wani ƙauye na Birnin Gwari ko Sanga, wanda ake ɗauko shi a kwance zuwa asibitin koyarwa na Shika ko na Barau Dikko. Idan aka ce duk mako sai ya dawo a sabunta masa takarda, kuɗin mota kaɗai zai sa iyalinsa su haƙura, su koma ga mai tallar magani a kasuwar ƙauye. Haka kuma a haramta yanke wa wanda ya daɗe a kan magani rabonsa farat ɗaya. A rage masa a hankali bisa tsari, idan kuma an ga alamar jaraba a haɗa shi da masu kula da wannan fanni, irin ƙwararrun da ke asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, maimakon a kore shi.

Sai batun horo, wanda a ganina shi ne ginshiƙin sauran. Likitoci da nas-nas da yawa sun fito daga makaranta da tsoron mofin fiye da saninsa, suna jin cewa duk wanda aka ba shi zai mutu ko zai kamu, alhali suna rubuta fentazosin da tiramadol ba tare da ɗar ba. Ya kamata jiha ta sa ya zama sharaɗi ga duk mai rubuta magani a asibitocinta, da duk asibitin kuɗi da ke neman sabunta rajista, cewa ya yi horo na 'yan awoyi a kan auna raɗaɗi, da fara magani daga ƙasa, da sanin cewa tiramadol ba ya wuce miligiram 400 a rana kuma yawansa yana jawo farfaɗiya, da haɗa mofin da maganin sassauta ciki domin yana ɗaure bayan gida, da gane alamar dannewar numfashi. Duk ɗakin da aka ajiye mofin a ajiye nalokson kusa da shi. Kuma tun da yawancin cibiyoyinmu na karkara ba su da likita, ya dace mu dubi abin da Yuganda ta yi a 2004, lokacin da ta gyara dokarta ta ba nas-nas da jami'an lafiya da suka sami horo na musamman izinin rubuta mofin na sha, wanda ake bai wa marasa lafiya kyauta. Wannan gyara sai tarayya, amma babu abin da ya hana Kaduna ta kai maganar gaban majalisar kwamishinonin lafiya ta ƙasa.

Akwai sharaɗi guda da ban gan shi a dokokin Amurka ba, domin su ba su san rashi ba, amma mu idan babu shi sauran duk aikin banza ne. Ƙa'idar da za ta ɗora wa likita nauyi dole ta ɗora wa gwamnati nauyin samar da maganin. A wajabta cewa kowane babban asibiti na jiha yana da mofin na sha da na allura a kowane lokaci, hukumar sayen magunguna ta riƙa karɓowa daga rumbun tarayya a kan kari, a kuma riƙa bayyana wa majalisa sau nawa aka yanke a shekara da dalilin yankewar. Mai ciwo ba zai zauna da ciwonsa ba: idan asibiti ya ce babu, zai aika yaro kemis, can kuwa babu mai tambayarsa nauyinsa ko halin ƙodarsa. Likitan da ya bi ƙa'ida ya rubuta hujjarsa a fayil shi ma yana buƙatar tabbacin cewa ba za a wayi gari a tuhume shi ba don kawai majinyacinsa mai sankara yana buƙatar adadi mai yawa. Wanda ya mayar da takardar magani haja kuwa, ko ma'aikacin da ke satar allura daga kabad yana cike rajista da sunayen bogi, littafin da katin su ne za su tona shi, a miƙa shi ga hukumar da ta ba shi lasisi da kuma NDLEA.

Malamanmu na addini, na masallaci da na coci, suna da rawar takawa a nan, domin na sha ganin iyalai suna ƙin mofin ga mahaifinsu da ke jinya saboda sun ji cewa ƙwaya ce, ko suna ganin karɓarsa gazawa ce wajen haƙuri da jarrabawa. Neman magani bai saɓa wa haƙuri ba, kuma maganin da likita ya auna ya bayar don rage azaba daban yake da abin da ake sha don maye. Idan aka ji wannan daga mumbari zai fi shiga fiye da a ji shi daga bakin mai farar riga.

Roƙona ga Kwamishinan Lafiya da kwamitin lafiya na Majalisar Dokokin Jiha shi ne su kira zaman sauraron jama'a a kan wannan batu, su gayyaci ƙungiyar likitoci da ta masu harhaɗa magunguna da ta nas-nas da ungozomomi da jami'an NDLEA, su kuma ware kujeru a sahun gaba ga masu sikila da iyayensu da waɗanda suka yi jinyar mai sankara a gida, a saurare su kafin a rubuta sakin layi na farko. Kafin ranar zaman, ma'aikatar ta aika a buɗe kabad ɗin DDA na kowane babban asibiti a jihar, a ƙirga abin da ke ciki, a duba ranar ƙarshe da aka rubuta wani abu a littafinsa, a kawo sakamakon gaban kwamitin.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Naka,
Mai harhaɗa magunguna mai ritaya,
Tudun Wada, Kaduna.